HUNTURU BA YA SALLAMA

Jawabin da wani tsohon ɗalibi, mazaunin Gyaɗi-Gyaɗi, ya gabatar a wurin taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai

 



Lokacin da Sakatare ya aiko mini da takarda cewa ni zan yi jawabin bana, ya bar mini zaɓin abin da zan yi magana a kai. A tarurrukan baya an yi magana kan ilimi, an yi kan tarbiyya, an yi kan sana'a, kuma masana ne suka yi. To ni ba likita ba ne, ba kuma masanin yanayi ba. Magidanci ne kawai wanda ya daɗe zaune a Gyaɗi-Gyaɗi, yana cefane a Kasuwar Tarauni. Saboda haka na zaɓi in yi magana a kan hunturu da yadda yake samun iyali a gida. Na san wani zai ce a ransa, duk matsalolin ƙasar nan a rasa abin da za a tara mu a kai sai sanyi? Ina roƙon a yi mini haƙuri a saurare ni, domin akwai daren da dabarar da muka yi wa sanyi ta kusa raba ni da mutum uku a gidana.

Yadda yake zuwa

Damina tana da ladabi. Kafin ta sauka sai ta aiko da zafi, ta aiko da hadari, ta yi cida, kowa ya gyara indararonsa. Hunturu kuwa ba ya sallama. Jiya-jiya ka kwanta da fanka a kanka, yara sun baje a tsakar gida a kan tabarma, amma kafin ƙarfe uku na dare ka ji kana lalubar mayafi. Da gari ya waye ka fito bakin Titin Zariya, sai ka ga hazo ya rufe ko'ina, motoci na tafiya da fitila a kunne, rana kuwa ta fito fara fat, kana iya zuba mata ido ba ta kashe maka gani ba.

Waɗanda ba su yi barci a ajin labarin ƙasa ba za su tuna abin da aka koya mana. Iska ce mai tasowa daga arewa maso gabas, ta ratso Hamadar Sahara, tana kaɗawa daga wajen ƙarshen Nuwamba har zuwa Maris. Yawancin ƙurar da take ɗauko mana daga wani kwari ne da ake kira Bodele a arewacin ƙasar Chadi, kusa da garin Faya, inda a zamanin da can ruwan babban tafki ya kwanta kafin ya ƙafe. Wato ƙurar da uwargida take sharewa a kan tebur sau uku a rana ta yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 kafin ta iso ɗakinta. A watannin Disamba da Janairu, ma'aunin zafi a Kano yakan sauka zuwa wajen digiri 13 da dare, wani lokaci ma har ƙasa da 10, sa'an nan da rana ya haura zuwa kusan 30. Iskar kuma a bushe take ƙayau, shi ya sa wanki yake bushewa nan da nan, leɓe ya fashe, diddige ya yi faso, yara su yi ta haɓo.

Akwai ɗan ƙanwata da ya yi karatu a Winifeg ta ƙasar Kanada, inda sanyi kan kai digiri 30 ƙasa da sifiri a watan Janairu. Da ya dawo ya ji muna kukan ɗari sai ya yi dariya, ya ce, "Kawu, ai wannan a wurinsu bazara ce." Na ce masa gaskiya ne, amma su sun gina gidajensu ne domin sanyi, mu kuwa mun gina namu domin zafi. Kakanninmu a cikin birni suna da soron ƙasa mai kaurin bango da rufin azara, wanda yake shan zafin rana ya riƙe shi har dare. Mu da muka fito waje muka yi ginin bulo da rufin kwano, da rana mu gasu, da dare kwanon ya saki zafinsa cikin ɗan lokaci ya bar mu muna makyarkyata. Ga taga mai gilashin da ya fashe tun bara ba a gyara ba. Sanyinmu ba shi da yawa, amma kullum a shirye yake zuwa ya same mu ba shiri.

Gida da safe

Duk wanda yake son ya san yadda gida yake, ya shiga cikinsa da asubar ranar da hunturu ya fara. A nan ne za ka ga wanda yake da bargo da wanda yake lulluɓa da zanen uwarsa. Maigida ya fito alwala ya taɓa buta ya janye hannu kamar ya taɓa kunama. Uwargida kuwa tun kafin kiran salla tana bakin murhu, domin tukunyar ruwan zafi guda ɗaya ce, masu jiranta mutum goma. A nan ake shari'ar wanda zai fara wanka. Ɗan makaranta ya shiga bayi da bokiti, ka ji ruwa yana zuba, ya fito fuska da ƙafa kawai ya jiƙa. Kada ku yi dariya, domin ina ganin fuskokin waɗanda muka yi wannan dabara tare da su a ɗakin kwana na makarantar nan, firifet yana tsaye a ƙofa da bulala.

Daga nan sai layin shafa mai. A jera yara a rana, a bi su da basilin ko man kaɗanya, wanda ya tsere kuwa kafin azahar ya yi fari fat kamar an tono shi daga toka. A ciro akwatin kayan sanyin bara, a tarar rigar babba ta koma ta ƙaninsa, ta auta kuma asu ya cinye. Sai maigida ya nufi Ƙofar Wambai wurin 'yan gwanjo, ko Kantin Kwari neman bargo, ya tarar rigar da aka yi masa tayi da arha a watan Oktoba yau ta yi tsada, domin duk Kano ranar ta tuna da sanyi.

Ba na cewa hunturu ba shi da daɗi. Lokacin ne ɗumamen tuwo da miyar kuka yake fin na daren jiya. Lokacin ne mai koko da ƙosai take sayar da kayanta kafin rana ta ɗaga, teburin mai shayi ya cika, citta da kanumfari su yi daraja. Ga rake, ga dankali, ga tumatir da kayan lambu sun fara shigowa. Sauro ya ragu, abinci ba ya saurin lalacewa. Manomin alkama a Kadawa da Kura, wanda yake ban-ruwa da ruwan madatsar Tiga, addu'a yake yi sanyin ya daɗe, domin alkama ba ta yin kyau sai da shi. Kuma lokacin ne iyali suke haɗuwa wuri guda bayan sallar isha'i, a kewaye kaskon wuta, tsohuwa tana ba jikoki tatsuniya. To, a kan wannan kasko nake son in tsaya.

Daren da ba na mantawa

Za ku tuna a ƙarshen shekarun 1990 azumi ya riƙa faɗowa cikin hunturu. A azumin da aka fara a watan Disamba na 1998, mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, tana zaune tare da mu, kuma 'ya'yana biyu mata, 'yar shekara tara da 'yar shekara shida, a ɗakinta suke kwana. Shekarar an sha wahalar man fetur da kananzir, don haka gidaje da yawa sun koma ga gawayi, har da namu.

Ran nan sanyi ya sauko farat ɗaya da la'asar. Bayan mun dawo daga asham, Inna ta ce ƙafafunta suna ciwo, a zuba mata garwashi a kasko a kai mata ɗaki. Ni da kaina na ɗauka na kai. Ni da kaina kuma na ƙara gawayi a kai don kada ya mutu da wuri, na ja taga na rufe, na sa tsumma na toshe ƙasan ƙofa inda iska take shigowa. Na ce, "Inna, yau kam sai barci." Ta ce, "Allah ya yi maka albarka." Na koma ɗakina ina jin na yi aikin lada.

Wajen ƙarfe uku da rabi uwargida ta tashi ɗora sahur. Al'adar Inna ce ta riga kowa tashi, a ji motsin butarta. Ran nan shiru. Uwargida ta ƙwanƙwasa, shiru. Ta tura ƙofa, sai na ji ta ƙwalla kira, "Malam! Malam, fito!" Na tarar da Inna a zaune a ƙasa ta jingina da gado, ido a buɗe amma ba ta iya magana. Babbar yarinyar ta yi amai a kan filo tana nishi. Ƙaramar kuwa na ɗaga hannunta na saki ya faɗi. Ɗakin babu hayaƙi ko kaɗan, babu wari, sai ɗumi mai daɗi.

Cikin ruɗewa wata maƙwabciya ta ce iska ce ta shafe su, a kawo turare a yi hayaƙi. Wani ya ce a bincika abin da suka ci da buɗa-baki. Allah ya sa maƙwabcinmu na jikin katanga ma'aikacin jinya ne. Yana shigowa ya ga kaskon, bai ce komai ba sai da ya buɗe taga, ya sa muka fito da su tsakar gida cikin wannan sanyin da muke ɓoye su daga gare shi, sa'an nan ya ce a tayar da mota. Mu mutanen Gyaɗi-Gyaɗi Allah ya yi mana gata da asibiti a kusa. Aka sa musu iskar numfashi, kafin azahar duka ukun sun dawo hayyacinsu. Inna ta rayu shekaru bayan haka, ƙaramar yarinyar kuwa yau ita ma uwa ce.

Likitan da ya duba su ya kira ni gefe ya yi mini bayanin da nake son in isar muku. Ya ce idan gawayi yana ci a wurin da iska ba ta shiga sosai, yana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Idan mutum ya shaƙe ta, tana kama jininsa fiye da yadda iskar da muke rayuwa da ita take kamawa har sau fiye da 200, sai jini ya yi ta zagayawa ba ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da suke bukata. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da jin barci. Mai barci kuwa ba ya jin ko ɗaya daga ciki, wucewa kawai yake yi. Ya ce da ba a tashi sahur ba, aka bar su har hantsi, da wani labarin ake yi.

'Yan'uwa, ku dubi wannan al'amari. Ba sakaci ne ya kai ni ba, ƙauna ce da rashin sani. Kuma ina da takardar shaidar gama sakandare, na yi kimiyya a ajin da ke bayan wannan zauren. Sau nawa muka ji an ce an wayi gari an tarar da iyali duka sun rasu a ɗaki, aka ce guba ce, ko aka ce sammu ne, har aka zargi kishiya ko maƙwabci? Yau kuma ga janareta ya shigo kusan kowane gida, ana ajiye shi a zaure ko a lungu kusa da taga saboda tsoron ɓarayi, alhali hayaƙinsa yana ɗauke da wannan guba ɗin dai.

Gobara da ƙuna

Abu na biyu shi ne gobara. A hunturu komai a bushe yake, ga iska, don haka tartsatsi guda ya isa. Wutar da ta cinye dubban shaguna a Kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016 ba ta bar tunanin mutanen Kano ba. Amma gobarar gida, wadda jarida ba ta cika ɗauka ba, ita ce ta fi kusa da mu. A sa hita a bokitin roba, a ɗauke wuta, a manta ba a zare ba, a fita. A dawo da wuta ba kowa a gida. Ko yaro ya zauna jin ɗumi da rigar leda, wuta ta lashi gefenta. Ko a sauke tukunyar ruwan zafi a tsakar gida, mai rarrafe ya iso kafin uwarsa ta juyo.

Idan tsautsayi ya faru aka ƙone, abin da likitoci suke cewa shi ne a yi ta zuba ruwa mai sanyi a wurin har kamar minti 20, a rufe da tsumma mai tsabta, a tafi asibiti. Ban da fasa ƙwai, ban da manja, ban da man goge baki. Kuma tun kafin likitoci, addininmu ya riga ya yi mana gargaɗi. Ya zo a cikin Bukhari da Muslim cewa wani gida ya ƙone da mutanensa da dare a Madina, da labari ya kai ga Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, sai ya yi umarni da a riƙa kashe wuta idan za a kwanta barci. Malamanmu suna nan, in na yi kuskure su gyara mini.

Waɗanda suke waje

Abu na uku, idan mun rufe ƙofa mun ja bargo, mu tuna akwai waɗanda ƙofar ta rufe a waje. Maigadin da yake kwana a bakin get ɗinka, da me yake rufa? Ɗan ga-ruwan da yake turo kura da asuba, hannunsa cikin ruwa, daga Hausawa har Unguwa Uku? Almajirin da yake kawo maka kwano da dare, ƙafa ba takalmi, a ina yake kwana, su nawa ne a zauren, kuma me suke ƙonawa don su ji ɗumi? Sau da yawa roba ce da tsohuwar taya. Yarinyar da take taya uwargida aiki, wadda take wanke-wanke da ruwan randa tun da duhu alhali 'ya'yan gida suna jiran ruwan zafi, ita ba 'yar wani ba ce? Tsofaffi da jarirai da masu asma su ne sanyi da ƙura suka fi kayarwa, kuma tarin da aka raina yakan zama ciwon huhu. In ka ga yaro yana numfashi da sauri, haƙarƙarinsa yana shiga ciki, wannan ya wuce a shafa masa mai a ƙirji, sai asibiti.

Abin da nake roƙo

Ya Shugaba, ba zan zauna ba sai na bar 'yan shawarwari, domin jawabin da ba a ɗauki komai a cikinsa ba hira ce.

Na farko, kada garwashi ya kwana a ɗaki. A ɗumama ɗakin da taga a buɗe, a fitar da kaskon, a kashe shi, sa'an nan a kwanta. Tsohuwa za ta yi faɗa, a yi haƙuri da faɗanta, a ƙara mata bargo da safa.

Na biyu, janareta ya zauna a fili, nesa da taga da ƙofa. Hita da dutsen guga kuma a zare su da zarar an ɗauke wuta. Kowane magidanci ya nemi lambar 'yan kwana-kwana ya ajiye, ya kuma koya wa iyalinsa.

Na uku, idan mutum biyu ko uku a ɗaki guda suka tashi da ciwon kai da jiri lokaci ɗaya, a fara fitar da su waje, a buɗe ko'ina, a nufi asibiti. Sauran bincike ya biyo baya.

Na huɗu, a yi sayayyar kayan sanyi da gyaran taga tun watan Oktoba. Don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Na biyar kuwa na Ƙungiya ne. Ina ba da shawara kowane aji ya tara barguna da rigunan sanyi, sababbi ko waɗanda 'ya'yanmu suka girme wa, a kawo wa Sakatare kafin ƙarshen Oktoba, a raba kashi biyu: kashi ɗaya ga ƙannenmu na ɗakin kwana waɗanda iyayensu ba su da hali, kashi ɗaya ga makarantun allo na unguwanninmu. Kada mu jira sai sanyi ya kusa wucewa mu zo muna rabo ana ɗaukar hoto. Ni na yi alkawarin bargo 10 a madadin Inna, Allah ya kai ladan kabarinta. Haka kuma ina roƙon malaman kimiyya su ware darasi guda kowace shekara kafin hutun Disamba a kan gawayi da rufaffen ɗaki, domin yaran nan su ne za su kai saƙon gidajen da mu ba za mu shiga ba.

Masu lissafin wata sun ce a shekarar 2030 azumi zai zo sau biyu, a Janairu da kuma ƙarshen Disamba, duka a tsakiyar ɗari. Wanda Allah ya kai shi zai sake yin sahur yana makyarkyata kamar yadda muka yi a 1998. Fatana shi ne kafin lokacin babu gidan ɗan wannan Ƙungiya da ake kwana da kasko a ɗaki. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. To ga nawa gemun na nuna muku.

 Abin da na faɗa daidai Allah ya amfane mu da shi, inda na yi kuskure a yafe mini. Allah ya jiƙan malamanmu da 'yan'uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya ɗaukaka wannan makaranta, ya mai da kowa gidansa lafiya.